Hita Don Tirelar Kaka Merv

Brisbane,
7 ga Disamba, 1998

Zuwa ga Kakana Merv,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafa tana sauƙi, kuma ba ka wahalar da masu jinyarka fiye da kima.

Gwaggo Glenys ta kira ni ranar Laraba. Zan maimaita abin da ta ce don ka gyara min in na ji ba daidai ba. Ta ce asibiti ba za su sallame ka zuwa tirelarka ta Burrandoo ba sai an sa sabuwar hita, kuma ma'aikaciyarsu mai duba gidajen marasa lafiya ta je ta auna ruwan da kanta, saboda ciwon suga ya kashe maka jin zafi a ƙafafu. Ta ce ta riga ta samo maka ɗaki a gidan kula da tsofaffi da ke kusa da ita a Toowoomba, za su riƙe shi har 29 ga Janairu. Idan ranar ta zo ba a gyara ruwan ba, can za a kai ka, a sayar da tirelar.

Na roƙe ta ta bar min zancen hitar. Na gama jami'a makon jiya, aikin da na samu a Gladstone kuma sai Fabrairu. Ta ce in gwada.

Na kwana huɗu ina bincike. Iri uku ne za su iya shiga gidan tirela. Mai aiki da hasken rana ta fi kilo ɗari biyu in ta cika, rufinka ba zai ɗauka ba. Mai tanki ta lantarki tana cin wuri, ruwanta kuma yana ƙarewa. Ta ukun mai gas ce marar tanki, ana maƙala ta a bangon waje, tana dafa ruwa ne kawai sa'ad da aka buɗe famfo. Ita na zaɓa. Zan haɗa mata bawul mai surka ruwan zafi da na sanyi, a tsayar da shi a digiri 45. Ruwan da ya kai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, na 45 kuwa ko ka yi barci a ƙarƙashinsa ba abin da zai same ka.

Don Allah ka amsa min waɗannan: kaurin bangon wajen bayan gida, tazarar da ke tsakanin tagar wurin da tukunyar gas, da kuma sunan mai gyaran famfon garin. In ba ka tabbata ba ka rubuta cewa ba ka tabbata ba, kada ka yi kirdado.

Ka huta lafiya.

Jikarka,
Kirrily


Asibiti, Charleville,
13 ga Disamba

Injiniya,

Gaisuwa da jinjina. Takardarki ta zo, na ba mutumin gadon kusa ya karanta, ya ce shi ma a yi masa jika irin wannan, amma mai gajeren rubutu.

Ƙafa ba komai. Ɗan gyambo ne, likitoci ne kawai ba su da aikin yi. Abincin nan kuwa, ko karen Noelene mai filin tirelolinmu aka ba wa zai kai ƙara.

Bango kaurinsa kamar biskit biyu. Taga tana inda take tun da aka ƙera ta. Mai gyaran famfo Col Mabbott ne, kurma ne a kunnen hagu, sai ki tsaya ta dama.

Ki ji ni nan: mai tanki nake so. Irin wadda ta mutu. Shekara goma sha tara muna tare ba ta taɓa yi min rashin kunya ba sai da gindinta ya fashe a Oktoba. Wannan akwatin naki na zamani ki ajiye wa mijin da za ki aura, in an samu mai haƙurin.

Zancen Toowoomba kuma, ki gaya wa Gwaggonki na sha sanyin garin sau ɗaya a 1961, ya ishe ni.

Tsohonki,
Merv


Brisbane,
21 ga Disamba, 1998

Zuwa ga Gwaggo Glenys,

Ina gaishe ki da Kawu Ross, da fatan shirin Kirsimeti yana tafiya daidai.

Na yi alkawarin zan riƙa sanar da ke kowane mataki. Na sayi hitar gas ɗin da bawul ɗinta, suna cikin but ɗin motata. Kaka ya rubuto cewa mai tanki yake so, amma bai kawo dalili ba sai sabo, ni kuwa na sake lissafin sau uku, sakamakon bai canza ba. Ma'aikaciyar asibitin, Misis Rademaker, ta ba mu ranar 25 ga Janairu da ƙarfe biyu na rana.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Da na kira Col Mabbott na faɗa masa abin da na saya, sai ya yi dariya, ya tambaye ni a wane wata nake zuwa hutu wurin Kaka ina yarinya. Na ce Yuli. Ya ce to, in zo dai. Na ɗauka rainin da masu sana'a ke yi wa 'yan makaranta ne, an gargaɗe mu a kansa. Duk da haka na kasa daina tunaninsa.

Zan tashi ranar 3 ga Janairu, in kwana a Roma, wani gari da ke kan hanya.

Na gode da damar da kika ba ni.

'Yarki,
Kirrily


Burrandoo,
6 ga Janairu, 1999

Gwaggo,

Gaisuwa, da fatan an shiga sabuwar shekara lafiya.

Na yi kuskure, kuma gara ki ji daga bakina kafin wani ya gaya miki. Hitar da na saya ba za ta yi aiki a nan ba.

Na iso shekaranjiya da rana tsaka. Na karɓi makulli wurin Noelene, na shiga tirelar, na buɗe shuɗin famfo in wanke fuska. Allah ya taimake ni bayan hannu na fara sawa. Har yanzu wurin ja ne. Na ɗauko ma'aunin zafi na auna: digiri 58, daga famfon ruwan sanyi. Na ce ko rana ce ta gasa bututun, na bar shi yana zuba minti goma. Ya koma 57. Jiya da ƙarfe shida na safe 49 ne. Da ƙarfe biyu 58 kuma.

Col ya zo da yamma, ya same ni zaune a matakala da takarduna. Bai ƙara yin dariya ba, na yaba masa a kan wannan. Ya ce ruwan garin daga rijiyar burtsatse yake fitowa, mai zurfin fiye da kilomita, kuma da zafinsa yake fitowa. A Yuli, tsakiyar hunturun nan, ƙasa tana da sanyi, kafin ya iso gidaje ya huce. Daga Oktoba zuwa Afrilu kuwa ba ya hucewa. Don haka kowa a nan yakan kashe hitarsa da zarar zafi ya shigo, ruwan ya kwana a tankinta ya huce. Jan famfo ya zama na sanyi, shuɗi ya zama na zafi, har sai hunturu ya dawo a juya. Noelene ta ce ita takan gane baƙo ne daga ihun da take ji a bayan gida.

Kenan da hitar Kaka ta fashe a Oktoba, ba ruwan zafi ya rasa ba. Ruwan sanyi ya rasa. Shi ya sa yake neman mai tanki, ni kuma na ce sabo ne. Bawul ɗin da nake taƙama da shi yana buƙatar ruwan sanyi ya surka da shi. Idan na sa shi yadda na tsara, zai surka 60 da 58.

Na tambayi Col me ya sa bai faɗa min a waya ba. Ya ce, "Da na faɗa, da kin yarda? Kakanki ma ya faɗa."



Na san abin da wannan wasiƙa take ba ki. Ba zan roƙe ki ki saki ɗakin Toowoomba ba, ki ci gaba da riƙe shi. Amma ban janye ba. Saura kwana goma sha tara, kuma ko mai tankin da Kaka ke so ba ta isa ba, domin shuɗin famfo zai ci gaba da kawo 58 ga mutumin da ƙafarsa ba ta ji. Dole a sanyaya ruwan kafin ya shiga gidan. Ban san yadda za a yi ba tukuna. Zan sani.

Ki gaida Kawu Ross.

Kirrily


Toowoomba,
10 ga Janairu

Kirrily,

Na samu taki. Muna lafiya.

Tun da kin faɗi naki, bari in faɗi nawa. Na san zancen ruwan. A kan irinsa na tashi, ni da babanki, a gonakin tumakin da Kakanki yake kula da rijiyoyinsu. Da na karanta wasiƙarki ta Disamba na gane inda za ki faɗa, na yi shiru. Na so ki je ki sa hannunki a ciki, don in na ce miki wurin bai dace da shi ba kada ki ɗauka mugunta ce. Ban kyauta ba, na sani. Ross ya faɗa min, ba sai kin ƙara ba.

Ga abin da Kakanki ya hana ni faɗa miki, na kuma gaji da riƙe masa. Ba gyambo ba ne. Bayan tankin ya fashe, ya koma tara ruwa a bokiti biyu daga famfon waje, ya bar su su huce kafin ya yi wanka. Wata rana ya manta wanne ya tara da safe, wanne ya tara yanzu. Ya zauna a kujerarsa ya tsoma ƙafar dama a sabon, yana sauraren tseren dawaki a rediyo. Bai ji komai ba. Noelene ce ta zo wucewa ta ga tururi. An yanke masa yatsu biyu, kuma an ɗebo fata daga cinyarsa an lulluɓe saman ƙafar. Ni na sa hannu a takardar.

Kina da shekara ashirin da biyu, a Fabrairu za ki tafi Gladstone. Ni za a kira. Awa tara nake tuƙi kafin in isa, kuma duk hanyar ina tunanin abin da zan tarar. Ba na so in raba shi da gidansa. Mahaifina ne kafin ya zama kakanki. Amma na fi son ya ƙi ni yana da ƙafa.

Ranar 25 tana nan yadda aka sa. Ba zan hana ki ba, ba kuma zan sassauta ba. Ki riƙa shan ruwa da yawa, ki sa hula, ke ba 'yar can ba ce.

Gwaggonki,
Glenys Harkin


Burrandoo,
21 ga Janairu, 1999

Zuwa ga Gwaggo Glenys,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, na rubuta biyu na yaga. Na ji haushinki kwana biyu, a na uku ya wuce, domin ko da kin faɗa min, da littafi zan buɗe in nuna miki kin yi kuskure.

Washegarin da wasiƙarki ta zo na tuƙa zuwa Charleville. Na tarar da shi yana koya wa wani tsoho yadda ake cuta a karta. Na ja kujera na ce ya buɗe ƙafar in gani. Ya ce ba a nuna wa budurwa irin wannan, sai ta fasa aure. Na ce zan jira. Daga ƙarshe ya yaye zanen. Na duba sosai, ban kau da kai ba, ko da yake daga baya sai da na fita waje na zauna.

Da na dawo na ce masa na yi kuskure a kan tankin, shi kuma ya yi min ƙarya a kan ƙafar, don haka ba mai bin wani bashi. Sai na tambaye shi yadda suke sanyaya wa gidajen gona ruwa a zamaninsa. Gwaggo, da kin ga fuskarsa. Ya karɓe birona ya juya takardar zaɓen abinci ya fara zane. Ya ce bututun jan ƙarfe ake naɗewa kamar gammo, a nutsa shi cikin tankin ruwa da ke inuwa, ruwan famfo ya bi ta cikin bututun ya bar zafinsa a tankin, ya fito da ƙarfinsa ba sai an sa injin turawa ba. Na tambayi tsawon bututun. Ya ce, "Har sai ya isa." Na ce wannan ba adadi ba ne. Ya ce shi ya sa aka tura ni jami'a.

Ga abin da muka yi ni da Col. Noelene ta ba mu tsohon tanki mai cin lita dubu biyu, muka kafa shi ƙarƙashin rumfar mota ta kudancin tirelar, inda rana ba ta kaiwa, muka rufe bakinsa da raga saboda sauro. Lissafina ya ce mita talatin na bututu za su isa. Ba su isa ba: bayan minti huɗu ruwan ya hau 41. Na gano na ɗauka ruwan tankin yana motsi, alhali a tsaye yake. Muka ƙara talatin, muka buɗa naɗin don kada ya cunkushe. Yanzu kwana biyar ke nan ina aunawa sau uku a rana. Mafi zafin da shuɗin famfo ya kawo shi ne 35, ranar Talata da ƙarfe biyu, iska tana 44 a inuwa, bayan na bar shawa tana zuba minti goma sha biyar.

Hitar gas na mayar da ita. Ko da ruwan ya huce, Col ya nuna min wata irinta da ya cire daga makarantar wani gari, gishirin ruwan nan ya toshe siraran bututunta cikin shekara biyu. Kuma tukunyar gas babba ba abin da Kaka zai riƙa juyawa ba ne da ƙafa ɗaya da rabi. Na ɗauki mai tanki ta lantarki, lita hamsin, wat 1,800. Wutar da filin ke ba kowace tirela wat 3,600 ce, don haka za ta yi aiki tare da na'urar sanyaya ɗaki, muddin bai kunna butar shayi a lokaci guda ba. Na rubuta wannan na manna a jikin butar. Tankin hitar zai riƙe ruwa a 60 saboda ƙwayoyin cuta, bawul ya sauke shi zuwa 45 kafin ya isa kowane famfo.

Kaka ya yi murna da jin mai tanki ce, har na gaya masa sauran: ba zai ƙara kashe ta da zafi ba, kuma famfunan ba za su ƙara juyawa ba. Ja na ɗumi ne, shuɗi na sanyi, Janairu da Yuli. Ya ce hannunsa ya shekara goma sha tara yana zuwa ja in ana zafi, ba zai koyi sabon abu yanzu ba. Na ce ba sai ya koya ba. Duk wanda ya buɗe, da gangan ko da mantuwa, ba zai wuce 45 ba. Abin da nake nema ke nan tun farko, ban dai san sunansa ba sai da kika ba ni labarin bokitan. Shi ba ya buƙatar ya tuna komai.

Famfon waje ma mun ɗauke shi daga tsohon layi mun haɗa shi da layin da ya bi ta tankin sanyaya ruwan. Na bi bututun da rarrafe ƙarƙashin tirelar daga farko har ƙarshe don in tabbatar babu wani reshe da ya tsallake. Babu.

Abubuwan da ban iya warwarewa ba, don kada ki ce na ɓoye: ruwan tankin yana raguwa kamar yatsa biyu a mako, sai an ƙara. Noelene ta ce za ta duba kowace Lahadi, na gaya mata alkawarin baki bai ishe ni ba, ta kira ni 'yar sanda, amma ta yarda Col ya sa abin da ke cika shi da kansa. Bawul ɗin kuma sai an duba shi duk shekara. Sannan awa taran nan taki, ba ni da lissafin da zai rage ta.

Ina roƙonki abu ɗaya. Ki zo ranar Litinin. Misis Rademaker za ta auna ta cika takardarta, amma ba takardarta ce za ta sa ki barci ba. Ki zo da ma'auninki, ki zaɓi famfon da kika ga dama da lokacin da kika ga dama. In kika samu abin da ya haura 45, ni da kaina zan tuƙa shi zuwa Toowoomba, kuma ni zan gaya masa.

Na aiko wannan ta hannun direban motar Roma don ta riga ranar isa. Ki gaida Kawu.

'Yarki,
Kirrily


Charleville,
22 ga wata

Injiniya,

Col ya biyo da zai sayo kaya, ya ce kin sa shi ya kwance haɗi guda sau uku a kan ɗigo ɗaya. Ya ce in ya mutu kafin ni, ke ce sanadi.

Ban iya irin wannan maganar ba, don haka sau ɗaya zan yi ta. In Glenys ta ce a'a ranar Litinin, kada ki yi faɗa da ita. Ita ta ga ƙafar ranar da abin ya faru, ke sai da aka gyara kika gani. Zan tafi inda ta ce.

Amma kada ki bari ta ce a'a.

Merv


Burrandoo,
28 ga Janairu

Kirrily,

Gaisuwa. Ina fatan kin isa Brisbane lafiya.

Na san kin tafi ban ba ki amsa ba, duk da Misis Rademaker ta sa hannu. Na ƙara kwana biyu a tirelar ni kaɗai. Na auna sau goma sha ɗaya, har da famfon waje. Mafi yawa 44 da rabi.

Yau da safe na kira Toowoomba na ce su ba wani ɗakin. Gobe zan ɗauko shi daga Charleville.

Kada ki ɗauka an gama. Duk Janairu za ki zo ki auna da hannunki, ko wane aiki kike, kuma ni za ki fara rubuta wa kafin shi. Shekarar da kika kasa zuwa, na dawo da maganata.

Ban gaya masa ba tukuna. Ina so in ga ya ɗan ƙara kwana ɗaya yana yi min ladabi.

Gwaggonki,
Glenys